Naman Korar Ƙuda

Duk farkon shekara, ranar da anka koma lakwal, akwai wata ƴar takarda da mushe ke rabawa: suna, ranar haihuwa, unguwa, sai layin nan na ƙasa, aikin uba. Tun daga siziyam har tarminal, shekara bakwai cur, abu guda nike rubutawa a wannan layin: commerçant. Ba ƙarya ba ce tsantsa, tunda Baba yana saye yana sayarwa. Amma ni na san abin da nike ɓoyo. Baba mahauci ne, kakana ma mahauci ne. Gidanmu a Madawa, in ka yi sallama, kafin ka ga mutum ƙanshin citta da ƙuli-ƙuli ne zai tarbe ka, kuma ƙanshin nan ba ya fita daga riga ko da sabulun wa ka wanke ta. Na sha tsayawa bayan katangar lakwal ina shinshina hannun rigata kafin in shiga.

Wanda bai tashi nan ba zai ce mi ne ne abin kunya a ciki. Ai duk motar da ta taso daga Yamai za ta Maraɗi ko Damagaram, in ta tsaya Madawa sai fasinja sun sauka neman kilishi, a naɗe musu a takarda su kai tsaraba. Manya masu manyan riguna suna tsayawa gaban teburin Baba suna ce masa ranka ya daɗe don ya ƙara musu gyara. Wannan gaskiya ne. Ga wata gaskiyar kuma: yayana ya nemi wata yarinya a wani gari wajen Buza, suna son juna, an kai goro da kuɗin gaisuwa, an karɓa. Bayan sati uku sai ga tsoho ya dawo da kayan, ƙulle cikin ƙyallen da munka aika su. An yi binciken asali. Ba a ce yayana ɓarawo ne ba, ba a ce ba ya salla ba. An dai ce ɗan mahauta ne. Daren nan Baba bai ce komai ba, ya zauna yana wasa wuƙa har munka yi barci. Ni kuma ina aji huɗu lokacin, sai na ƙara ƙanƙame kalmata ta commerçant.

To, mi ya haɗa wannan da abincin mutanen Ajantina? Ƙwallo ce.

Ranar 18 ga Disamba 2022 duk fadarmu tana gaban tele guda, Ajantina da Faransa, kowa ya san yadda anka ƙare. Bayan nan wayoyinmu sunka cika da Messi, kuma in ka kalli bidiyon Ajantina guda sai intanet ta ɗauka can za ka ƙaura. Haka na faɗa kan wani bidiyo na gashin namansu. Na ga an buɗe dabba gaba ɗaya, an ɗaure ta a kan ƙarafa gicciye, an kafa kewaye da wuta tana gasuwa a hankali. Na ce kai, wannan ai layyarmu ce, yadda ake kafa raguna a kan itace gefen wuta wuni guda. Bidiyon da ya biyo baya shi ne ya tsayar da ni. Wata tsohuwa ta shimfiɗa wani nama a kan tebur, faffaɗa, siriri, kamar sallaya ƙarama. Ta barbaɗa gishiri da tafarnuwa da ganye, ta jera karas da jan tattasai, ta sa dafaffen ƙwai a layi, ta naɗe shi kamar tabarma, ta ɗinke da allura da zare, ta jefa a tukunya. Da ta yanka shi washegari, kowane yanki da idon ƙwai a tsakiya, fari da rawaya, nama ya kewaye shi. Sunansa matambre.

Sunan ne ya fara ba ni dariya. A harshen Sifaniyanci matar na nufin kashewa, hambre na nufin yunwa. Kashe-yunwa ke nan. Asali sunan yankin naman ne, wata tsoka mai faɗi da ke kwance tsakanin fata da haƙarƙari, daga baya abincin ya gaji sunan. Idan an cika shi an naɗe sai su ce matambre arrollado. Ana dafa shi cikin ruwa awa biyu zuwa uku a kan wuta marar ƙarfi, wasu suna fara jiƙa shi cikin madara don ya yi laushi, sannan a danne shi da abu mai nauyi ya kwana, a ci da sanyinsa. A Ajantina da Uruguwai abincin bukin Kirsimeti da sabuwar shekara ne, don su a can lokacin zafi ne, ba mai son tsayawa gaban murhu ranar buki.

Na yi dare biyu ina ƙona kuɗin katin da ya kamata in sauke darussan bak da su. Abin da na samu ya fi abincin daɗi. Ashe ƙasar nan da ake kirari da shanu, da can ba ta da saniya ko guda. Sifaniyawa ne sunka shigo da su a ƙarni na 16, kuma lokacin da Juan de Garay ya sake kafa Buenos Aires a 1580 shanu na cikin abin da anka koro daga Asuncion. Wasu sunka ɓalle sunka shiga dajin ciyawar nan marar iyaka da suke kira pampa, ba makiyayi, ba shinge, sunka hayayyafa har sunka zama kamar namun daji. Mutane na fita farautarsu a kan dawaki, amma fata da kitse ake nema, su ne ke shiga jirgin ruwa zuwa Turai. Naman sai a bar wa karnuka da tsuntsaye. Akwai wani littafin tafiya mai ɗauke da shekarar 1773, El lazarillo de ciegos caminantes, wanda ya ba da labarin mahayan dajin nan da daga baya anka sani da gaucho, cewa sukan kashe saniya sukutum don kawai su ci matambre ko harshe, su yi gaba. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa ganin fiɗa: da ka ɗaga fata shi ne naman farko da ka tarar, ba sai ka fasa ƙashi ba, kuma don sirantarsa nan da nan ya gasu. Har yau shanun ƙasar sun haura miliyan 50, mutanenta kuwa wajen miliyan 46.

Da safe na tarar da Baba a rumfa yana buɗe cinya. In ba ka taɓa tsayawa ka kalli wannan aikin ba, ka tsaya wata rana. Dunƙulen tsoka ne a hannu, an cire kitse da jijiya, wuƙa na shiga a kwance tana tafiya, hannun hagu na juya naman, shi kuma yana warwarewa kamar rawani har ya zama mayafi guda da kake iya hango rana ta cikinsa, ba tare da ya yage ba. Daga nan a shanya a kan gadon kara, a tsoma cikin kwaɓin ƙuli-ƙuli da citta da kanumfari da masoro da barkono da albasa, a sake shanyawa, a nuna masa garwashi kaɗan. Akwai ja, akwai fari, akwai rumuzu wanda mai da yaji kawai ake shafa masa. Na girma ina ganin wannan kullum, kuma kullum ina kawar da kai.

Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa wayar. Ya goge hannu ya karɓa da yatsa biyu kamar wanda anka ba kunama.

"Mi na na kuma, ɗan lakwal?"

"Ku duba naman ga, Baba. Kun san shi?"

Bai kai ƙarshen bidiyon ba ya maido min. "Wanga ai naman korar ƙuda na. In ƙuda ya sauka ga saniya ka ga hwatatta na rawa, to shi na ka motsi. Yaro in bai iya hiɗa ba, rabinai ga hwata shika barinai, masu jima su yi ta zagi." Ya ɗan yi shiru. "Su can har suna sunka ba shi?"

Na faɗa masa sunan da ma'anarsa. Na zaci zai yi dariya, sai ya ajiye wuƙa. Ya ce waɗannan mutane ba su san yunwa ba. Ya ce a 2005, ina goye lokacin, da kuma 2010, nama ya fi komai araha a kasuwar Tunfafi. Makiyaya na kawo shanu da ƙyar suke tsayuwa, saniyar da a da za ta sayi buhuna da yawa ta koma ba ta kai buhun hatsi guda ba, wata ma nan take faɗuwa a yanka ta kafin ta mutu. Ya ce bai taɓa yanka da yawa kamar shekarun nan ba, kuma bai taɓa ganin yara na mutuwa kamar shekarun nan ba. "Nama bai kashe yunwa, hatsi ka kashe ta. Shekarar da ka ga mahauci na raba nama kamar kyauta, ka yi kuka." Duk abin da na karanta dare biyu bai gaya min wannan ba. Sunan kashe-yunwa sai ƙasar da saniya ba ta da mai ita.

Akwai wani reshe na labarin da ban gaya wa Baba ba ranar, don ni kaina bai gama zauna min ba. Daga wajen 1780 mutanen yankin sunka daina barin naman yana ruɓewa. Anka kafa manyan mayanka a kudancin Burazil da Uruguwai, daga baya a Buenos Aires, inda ake yanka nama falle-falle, a cika shi da gishiri, a shanya. Suna ce masa charque ko tasajo, kalmar farko daga harshen Kecuwa na mutanen duwatsun Andes ta fito. Kilishi ne ba yaji, ba ƙuli, ba ƙauna. Kuma ba don masu gari ake yinsa ba: jiragen ruwa ke kwasarsa zuwa Kuba da arewacin Burazil a ciyar da bayi masu aikin rake. A Bahia, farkon ƙarni na 19, cikin bayin nan akwai Hausawa da yawa, waɗanda yaƙe-yaƙen zamanin jihadin 1804 sunka jefa hannun masu fataucin mutane. Su ne sunka shirya tawayen 1807, sunka sake tashi a 1809 da 1814. Garin rogo da wannan busasshen nama na cikin abincin da ake ba su. Nakan zauna in raya a raina cewa cikinsu akwai ɗan mahauta guda, an miƙa masa tsinken naman nan mai ɗan karen gishiri, ya juya shi a hannu, ya ga yankan, ya ce a ransa wanda ya yi wannan bai iya wuƙa ba.

Sai kuma wani marubuci da na so na kuma ji haushinsa a dare guda, Esteban Echeverria. Ɗan boko ne na gaske, ya yi shekaru a Paris yana karatu, ya dawo gida. Ya rubuta Apología del matambre, wato kirari ga wannan yankin nama, cikin raha, yana fifita shi a kan abincin Turawa. Na ji daɗi, na ce ga mai ilimi da bai raina abin gidansu ba. Sai na ci karo da ɗayan rubutunsa da ya fi shahara, El matadero, Mayanka, wanda ba a buga ba sai 1871 bayan mutuwarsa. A ciki mahautan Buenos Aires su ne ƴan daban mai mulkin lokacin, Rosas, mutane ne na jini da ihu da rashin imani. Na san siyasa yake yi, da gwamnati yake faɗa. Amma duk da haka, da ya tashi neman siffar mugunta, mayanka ya nufa. Ya yabi naman ya zagi mai yankan. Nisan Buenos Aires da Buza bai kai yadda taswira ke nunawa ba.

Hutun ƙarshen Disamba ya zo, sanyi ya sauka, lambunan fadamar Tarka sun fara fitar da karas da tattasai. Na roƙi Baba ya cire min naman daga sa guda. Ya ce shanunmu ba irin nasu ba ne, sai an samu na turke mai jiki, in ba haka ba abin zai fito kamar takardar siminti. Kwana huɗu sai ga shi ya shigo da shi a kafaɗa, daga wani bijimin Azawak, ya shimfiɗa a kan faifai ya fita abinsa.

Na ce ni zan yi da kaina. Na ɗauki wuƙar Inna in rage kitse, cikin minti biyar na huda shi wuri uku na kuma yanke babban yatsana. Na ci gaba a haka. Ganyen da tsohuwar ta sa babu shi a kasuwarmu, na sa zogale. Na zuba albasar Galmi, tafarnuwa, yajin Baba da na sata a gwangwani. Da Inna ta ga ina jera ƙwai shida a cikin nama sai ta riƙe haɓa.

"Ƙwai cikin nama? Wane ɗan asara ya koya maka wanga?"

Na ce mata ai mahayan daji gashi kawai suke yi, cikon nan daga baya ya zo. Daga 1880 zuwa yaƙin 1914 Italiyawa sun kwarara Ajantina, kuma mutanen Genoa cikinsu suna da wani abinci, cima, ƙirjin maraƙi da ake cikawa da ƙwai da kayan lambu a ɗinke a dafa a danne. Da yawa na ganin daga nan dabarar ta shigo.

"Italiya? Su na Keita?"

Inna ƴar wajen Keita ce. Tana budurwa lokacin da furojen nan da Italiya ta biya kuɗinsa ya fara a 1984, bayan fari, kuma tana cikin matan da sunka yi ta ɗaukar duwatsu a ka ana jera su a kan tuddai don tare ruwa, ana biyansu da abinci. Har yau in ta ga gwangwanin mai irin na taimako sai ta ba da labarin. Ta ce in dai mutanen nan ne, to ba mamaki, sun iya sa mutum aikin wahala, amma aikinsu na tsayawa. Ta kawo min zaren da take ɗinkin katifa.

Na naɗe, na ɗaure, na sa a tukunya. Wuta ta yi yawa. Bayan awa guda na buɗe na tarar da ƙwai biyu suna iyo a sama, zogale ya fita ta hujojin da na yi, ruwan ya zama kore. Ƙannena sunka yi ta dariya har da faɗuwa. Inna ta juye abin ta yi mana miya da shi, ba a yi asara ba, amma an yi sati ana kirana mai ƙwai.

Ban sake roƙo ba. Ranar jajibirin komawa lakwal, bayan la'asar, Baba ya shigo da wani naman ya ce in kawo faifai. Wannan karon bai fita ba. Ya zauna ya ɗora shi a cinya, ya bi kitsen da wuƙarsa, inda ya yi kauri ya buɗe shi ya kwantar da leɓen a kan inda ya yi siriri, har abin ya zama kauri guda daga baki zuwa baki, murabba'i kamar an auna da mita. Bai kalli bidiyo ba. Ya ce in jera kayana, ƙwai huɗu sun isa. Da na zo naɗi ya buge min hannu, ya juya naman, ya ce in lura da inda zaren tsoka ya nufa, don in an zo yanka a gicciye shi, in ba haka ba sai mai ci ya yi ta ja kamar roba. Ɗaurin kuwa irin wanda yake wa hanji da tumbi ranar layya ya yi masa, ƙulli bayan ƙulli, ba allura. Munka sa a kan garwashi, ruwan na motsi kaɗan-kaɗan, daga magariba har bayan lisha da nisa. Inna ta naɗe shi a tsumma mai tsabta, ta ɗora faranti, munka ɗauko dutsen niƙa munka danne. Sanyin Janairu ya yi mana aikin firijo.

Da asuba Baba ya yanka. Ga idon ƙwai a tsakiya, ga jan tattasai, ga koren zogale, kamar na tsohuwar, har ya fi nata zama daidai. Kowa ya ɗauki yanki. Inna ta ce ba laifi, amma nama mai sanyi kamar na gidan makoki. Ƙanwata ta cinye ƙwan ta bar naman. Baba ya tauna a hankali ya daɗe, sannan ya yanke hukunci irin na mai sana'a: da daɗi, amma ba ya tafiya. Kwana biyu ya lalace. Kilishinsa kuwa ya je Makka ya je Abijan cikin jakar ƴan bida, wata da watanni bai canza ba. Abin da ba ya shiga mota, in ji shi, ba sana'ar Madawa ba ne.

Nan na ce masa ina son ya koya min wuƙa. Fuskarsa ta canza. Ya ce bai yi shekara goma sha uku yana sayen kaye da biki ba don in dawo in zauna cikin ƙuda. Ya ce yayana ya isa. Sai a ranar na gane cewa layin nan da nike cikawa da commerçant, da Baba ya iya karatu ya gani, wataƙila ba zai ji haushi ba, wataƙila ma abin da yake biya ke nan. Wannan ya fi min zafi a kan a ce ya mare ni.

A 2023 ƙungiyar OAPI ta miƙa wa Nijar takardun shaidar da ke kare sunan kilishin Nijar da albasar Galmi, aka yi ta faɗa a rediyo. Na gaya wa Baba yanzu sunan aikinsa na cikin littafin ƙasashe. Ya tambaye ni ko takardar ta isa Buza.

Na samu bak. Da na zo rajista a jami'a, ga layin nan kuma yana jirana. Na rubuta boucher, da ƙananan baƙaƙe ƙwarai, matar da ke karɓar takardu ko kallo ba ta yi ba ta buga hatimi. Amma akwai wata da muke magana da ita yanzu wata biyar, ƴar Tamaske, ta san Baba yana kasuwanci a Madawa, iyakar abin da ta sani ke nan. Hutun da ya wuce na kawo mata kilishi rumuzu, ta ce ba ta taɓa cin mai daɗinsa ba, ta ce wurin wa nike saye. Na ce wani tsoho ne kusa da gidanmu.

Wuƙa har yanzu Baba bai ba ni ba. Abin da ya yarda da shi, in na zo hutu, in tsaya gefen gadon kara da reshen dogon yaro a hannu ina juya shanya ina korar ƙuda. Daga nan ina ganin hannunsa sosai. Ya fara rawa kaɗan in ya ɗaga kofin shayi, amma in wuƙa na ciki ba ya yi.